Layi Ɗaya a Cikin Tafintan Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah mai suna Tanimu, sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. Ku saurara, ku na baya ku bar hira haka nan!

Shekara biyu yana gina tafinta, wato manhajar da za ka rubuta wa umarni da Hausa, ta sa kwamfuta ta aikata. Abokiyar aikinsa, Malama Saratu, ita ta haɗa laburaren da tafintan zai riƙa amfani da shi: rumbun ƙananan ayyuka ne, manhajoji da yawa suna ɗiba daga ciki, ba sai kowa ya rubuta nasa ba.

To, da tafintan ya kira laburaren sai ya tsaya cak. A tayar, ya tsaya. A tayar, ya tsaya! Sati uku ana abu ɗaya, har Tanimu ya koma yi wa kwamfuta faɗa: "Haba! Me na tare miki?"

Shugaban ofis ya gaji, ya ce, "Laburaren Saratu ne matsalar. Ranar Litinin a cire ta daga aikin."

Ran Asabar da la'asar Tanimu ya gano abin. Ashe a nasa rubutun yake. Layi ɗaya! Tafintansa ne ke share abin da laburaren ya ajiye tun bai gama da shi ba. Cikin minti biyu ya gyara, ba wanda ya gani. Zuciya ta ce masa, "Yi shiru, a ce kai ka ceci aikin."

Litinin da safe ya sami shugaban. "Ranka ya daɗe, kuskurena ne, ba na Saratu ba, kuma na gyara shi."

"Kai Tanimu, ka cika fitina! Aiki ya tashi, wa ya tambaye ka?"

"Yau dai ba kowa. Amma akwai ranar da za a tambaye ni."

Ya maimaita a gaban ma'aikata duka. Aka karɓe jagorancin aikin daga hannunsa, Saratu kuwa ta ci gaba da zama a kujerarta. Ta ce, "Malam, sati uku ina zargin kaina." Ya ce, "Ki yafe mini."

Ku kuwa fa? Kofi ya fashe a gida, kowa ya hau rantsuwa! Kuskurenka, a shago ne ko a ofis, idan ka bari wani ya ɗauka, zalunci ka yi, ko da ba ka buɗe baki ba. Wanda ya san akwai mai ɗauke da laifinsa, ya je ya sauke masa yau.