Babandi da Kwalbar Ruwa

Akwai wani ɗan kamasho a tashar Lafia, tun garin yana cikin jihar Filato, sunansa Babandi. In ya ja "Aweeee, saura mutum ɗaya!" an ce har mata masu dafa gishiri a can garin Awe sukan waiwaya. Ni dai ban je na gani ba.

Ana nan sai ciwo ya yi masa sallama, irin mai cinye ƙarfin tsoka a hankali. Ƙafa ta yi nauyi, kira ya soma tsinkewa a tsakiya. Fasinja suka koma wajen masu murya, tuwon gida yana neman gagara.

Likita ya ce ciwon ba na warkewa ba ne, amma naman da ke jan numfashi yana karɓar horo. Ya ba shi siririyar roba, ya ce ya riƙa cika ƙirji yana hura ruwa a kwalba, safe da yamma.

Babandi ya wurga robar ƙarƙashin gado. Wai shi da furfurarsa zai zauna wasan kumfa kamar ɗan yaye?

Matarsa Sailuba ta miƙe. Gyale ta yafa, ta nufi wajen Torkula dillalin doya, abokin gardamarsa.

Washegari sai ga Torkula da tasa kwalbar. Ya zauna a zaure yana ta ɓulɓula ruwa.

"Oga, mutane sun ce ka gama. Na ce ƙarya ne, tsorona kawai kake ji."

"Kai ɗin? Sailuba, ina robar nan?"

Ranar suka yi gasar wa zai fi daɗewa yana hurawa, Babandi ya sha kaye, ya ce kwalbarsa ce ta fi zurfi. Suka sake, suka kuma. Damina ta wuce, sabuwar doya ta tsufa, kullum suna zaure kumatu a kumbure.

Ciwon bai tafi ba. A kan benci yake aiki yanzu, sanda a gefe. Amma wata ranar kasuwa ya cika ƙirji ya ja "Aweeee" har ƙarshe, mota ta cika kafin direba ya gama shayi.

Har yau Babandi yana bugun ƙirji wai shi bai taɓa bin maganar likita ba, Torkula kawai ya koya wa hankali. Sailuba takan ce, "Haka ne, maigida."

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina magani don ya yi kama da wasa, sannu-sannu ba ta hana zuwa. Ku tura wa mai jinya, da mai haƙurin lallaɓa shi.