Ranar da Malam Ya Yi Rarrafe

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raya mu a zamanin Malam, masani mai tsantseni, wanda Damargu ba ta ga mai zurfin karatu da ƙarancin magana irinsa ba, Allah Ya haskaka makwancinsa.

A daminar da ta biyo bayan babbar yunwa, akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Gangara, sunansa Mailafiya. 'Yarsa Fadimata ta cika shekara huɗu ba ta taɓa miƙewa ba, sai jan ciki. Ya kai ta wurin lokotoro a asibitin Tanut, ba a dace ba. Mahaifiyarsa Inna ta ce yarinyar ba mutum ba ce, 'yar ruwa ce, in tabki ya cika a kai ta bakinsa da ƙwaryar fura, a juya baya, ta rikiɗe macijiya ta koma wa danginta.

Tabki ya cika ranar Talata. Ran Laraba da hantsi Mailafiya ya saɓa 'yarsa ya nufi gindin adduwar da Malam ke karantarwa, Inna na biye.

"Allah gafarta Malam, gobe za a kai ta bakin tabki," in ji shi.

Yayyafi ya kwantar da rairayi, ga sawun ƙananan halittu ko'ina: zanen ƙadangare, ɗinkin buzuzu, jan kunkuru. Malam ya daɗe yana dubansu kamar mai karanta allo.

"Inna," ya ce, "wa kika sani ya zo duniya a tsaye?"

Sai ya ajiye littafinsa, ya tattare riga, ya durƙusa da hannuwa da gwiwoyi kusa da yarinyar. Dattijon da hakimai ke cire wa takalmi, ga shi yana rarrafe, furfurar gemunsa tana sharar ƙasa. Fadimata ta yi dariya, ta ja ciki ta bi shi. Mailafiya ya ji iska ta tsaya, kukan kurciya ya yi nisa, su biyu suna tafiya a kan rairayi kamar masu ninƙaya a ruwa mara motsi, bai san tsawon lokacin ba.

Can Malam ya tsaya yana haki, ya dubi yarinyar.

"Uwata, gwiwoyin ɗanki sun tsufa. Tashe ni."

Yarinyar ta kama kafaɗarsa, ta ja, ta ƙara ja, sai ga ta tsaye, ƙafafu na rawa kamar na ɗan raƙumin da aka haifa yanzu. Ta yi taku uku tana riƙe da hannun rigarsa.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Furar da ta tanada saboda tabki, Fadimata ce ta shanye ta a tsakar gida.

Tsarki ya tabbata ga Mai tayar da wanda Ya so. Ya Allah, albarkar bawanKa da ya sunkuya dominKa, Ka tayar da mu ranar da gwiwoyi za su gaza. Amin.