Zabba'u da Keken Sarkin Aljanu

A zamanin da aljanu ke cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wata gimbiya Zabba'u, 'yar Sarki Barmo na Birnin Tagulla, jikar Jatau mai takobin walƙiya, yarinya mai sanyin murya, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda tun tana tatata aka damƙa ta hannun Waziri Gwadabe ya koya mata lissafi, har ta tashi tana ce masa Baba. Da mahaifinta ya rasu, ana shirin naɗa wanta Yarima Mamuda, sai Durmusu Sarkin Aljanu ya sure shi ya mai da shi dutse, ya aiko cewa ba zai sake shi ba sai an amsa masa tambaya ɗaya tak.

Zabba'u ta keta dazuzzuka baƙaƙe ƙirin da koguna masu tafasa, Waziri na biye da ita, har fadar Durmusu mai ginshiƙan murjani ja wur. Can ta hango wanta a sandare.

Durmusu ya tafa hannu. Wani aljani dogo siriri ya ɗare keken ƙarfe, ya tuƙa shi zuwa ƙolin Dutsen Madubi, ya gangaro.

"'Yar Barmo," in ji Durmusu, "daga nan zuwa ƙoli zango talatin ne. A hawa yana cin zango goma a sa'a, a gangara talatin. In aka daidaita tafiyar duka, zango nawa ya ci a sa'a? Kika kuskure, wanki dutse ne har abada."

Waziri ya raɗa mata: "'Yata, kar ki wahalar da kanki. Goma da talatin arba'in, raba biyu, ashirin. Faɗi maza!"

Har ta buɗe baki, sai tsoro ya sa ta sake ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Hawa, sa'a uku. Gangara, sa'a ɗaya. Zango sittin cikin sa'a huɗu.

"Goma sha biyar, ranka ya daɗe."

Dutsen ya tsage, Mamuda ya faɗi yana tari. Durmusu ya bushe da dariya. "Kai Gwadabe! Ba kai ka rantse yarinyar ba ta taɓa musa maganarka ba? To, karagar Tagulla da na yi maka alkawari ta wuce ka."

Zabba'u ta juya a hankali. "Baba, kai fa ka koya mini a tara nisa, a raba da lokaci. Ranar da na raba biyu, har hana ni fita wasa ka yi."

"Shekara arba'in ina tsaye a bayan karaga," in ji Waziri, idonsa a ƙasa. "Na gaji da tsayuwa."

Mamuda ya laluba takobi, ta riƙe hannunsa. "Yaya, bar shi nan ya koya wa aljanu lissafi. Sai dai su riƙa sake dubawa."

Suka koma gida, aka naɗa Mamuda, aka kwana bakwai ana kaɗa tambura. Ita kuwa ko da maroƙa ke wasa ta, kuka take yi a ɗaki. Allah Ya tsare mu da muguntar wanda ya rene mu.