Shari'ar Jar Fitilar Mai

An ce wai a wani gari na bakin fadama, inda ake noman albasa, an yi waɗansu 'yan'uwa biyu, Tanko da ƙanensa Jatau. Mahaifinsu ya rasu bai bar musu gonar kirki ba, sai wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai wa manoma kaya kasuwa da ita. Tanko ne ya riƙe Jatau tun yana ƙarami. Idonsa ba ya gani nesa, don haka bai taɓa riƙe sitiyari ba. Nasa aikin shi ne wanke motar da duba mata mai kowace safiya. Jatau kuwa yaro ne mai hannu a tuƙi, sai dai tsoron faɗan wansa ya sa ba ya sakin baki a gida. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa aiki ba. Abin da suka rasa shi ne ɗaya ya yi magana ɗayan ya saurara har ƙarshe.

Wata rana ana tsakiyar kwasar albasa, Jatau yana kan hanya sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa a gabansa. Ya tsaya ya zaro sandar gwaji, ya ga baƙin mai cike. Ya ce a ransa fitilar ce ta rikice, kamar yadda yakan ji direbobi na faɗa a tasha. Da ya tuna fuskar Tanko, sai ya yanki baƙin salatif ya manne fitilar, ya lallaɓa motar zuwa gida.

Ba a daɗe ba Tanko yana goge cikin motar hannunsa ya taɓa salatif ɗin. Ya ɓamɓare, ya tayar da inji, fitila ta kama ja.

"Tun yaushe?" ya tambayi Jatau.

"Yaya, mai fa a cike yake."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka kashe injin Baba, sannan ka rufe masa baki. Miƙo makullin. Gobe zan kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, kai kuma ka gama zama bayan sitiyari."

Maƙwabta suka sa baki, suka ce kada a sayar sai Sarkin Makanikai ya gani. Aka ɗaure motar a bayan tarakta aka ja ta zuwa garejinsa.

Sarkin Makanikai wani tsoho ne da ake kira Baba Cindo, wanda direbobi da masu mota ke kawo wa rigimarsu. Ya saurari Tanko har ya gaji da magana, ya saurari Jatau duk da nasa bai fi jimla biyu ba. Al'amarin da nauyi. In ya ce inji ya mutu, yaron ya rasa sana'arsa da motar ubansa. In ya ce fitila ce ke ƙarya alhali gaskiya ta faɗa, za su hau hanya inji ya buga musu a daji.

Sai ya ce, "A gaban alƙali ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Fitilar nan shaida ɗaya ce, kuma magana ɗaya ta iya: mai ba ya isowa da ƙarfi. Ba ta san wanda ya tare shi ba. Kai Jatau ka ƙaryata ta ba tare da bincike ba. Kai kuma Tanko ka ɗora mata maganar da ba ta faɗa ba. Bari mu kira na biyu."

Ya kwance ɗan ƙarfen da ke kunna fitilar daga jikin injin, ya ɗaura agogon gwaji mai allura a gurbinsa. Aka tayar da mota. Allurar da ƙyar ta ɗaga.

"Baba kun gani ko?" in ji Tanko.

"Na gani, fitila ta yi gaskiya. Saura ka bar ni in tambayi injin da kansa. Jatau, ba shi wuta a hankali."

Jatau ya taka. Allura ta ɗan hau, ta yi rawa, ta koma ƙasa. Baba Cindo ya sa aka kashe nan take. Ya ce, "Injin da ƙarafunsa suka cinye, in ka ba shi wuta allura hawa take yi. Wannan kuwa ƙarin wuta ƙarin ƙishirwa. Shaƙe shi aka yi."

Ya juye man a kwano ya fita da shi rana, ya murza tsakanin yatsunsa, bai ga ƙyallin garin ƙarfe ba. Sannan ya kwance kaskon da ke ƙarƙashin injin, ya ciro rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Ga ta nan a cushe da jajayen zaruruwa na busasshen gam.

Jatau ya gane su. Kafin damina kaskon ya riƙa ɗiga, Tanko ya yini kwance a ƙarƙashin motar yana lafta gam, yana cewa motar Baba ba za ta zubar da mai a titi ba yana raye. Abin da ya matso ta ciki ne ya gutsure ya bi mai.

Baba Cindo ya ɗaga zare ɗaya ya ce, "Wanda ya shafa wannan yana son motar nan, har son ya yi mata yawa."

Tanko ya cire hula ya sosa kai. "Ɗiga take yi, Baba."

"Na sani. Ka hana ta zubarwa, ka kuma hana ta sha."

Mutanen da ke zaune suka yi dariya, har Tanko ya ɗan murmusa. Amma tsohon bai gama ba. Ya karɓi guntun salatif ɗin daga hannun Tanko, ya ajiye shi kusa da gam a kan motar.

Ya ce, "Wannan ya toshe bakin inji, wannan ya toshe bakin fitila. Gam kuskure ne, kowa na iya yinsa. Salatif ya fi shi haɗari, don da an ƙara lodi ɗaya da yanzu injin nan na hannun 'yan gwangwan, kuma laifin a wuyanka yake, Jatau. Sai dai ina da tambaya, Tanko. Direba ya riga ya san fitilarsa na kunne. To daga idon wa ya ɓoye ta?"

Tanko ya dubi ƙanensa, ya mai da idonsa ƙasa.

"Ga hukuncina," in ji Baba Cindo. "Mota ba za a sayar ba. Makulli ya koma hannun Jatau, kuma kai za ka miƙa masa. Shi ba zai ƙara kwana da labarin mota a cikinsa ba, mai daɗi ko marar daɗi. Kai kuma ranar da ya kawo maka, ka fara buɗe gaban mota kafin ka buɗe baki."

Aka wanke rariya, aka kankare gam, aka zuba sabon mai. Da aka tayar, allura ta hau ta tsaya daram, fitila ta mutu. Tanko ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa.

Suna kan hanyar gida, Jatau ya yi ta juya wata magana a ransa. Can ya ce, "Yaya, birkin baya ma yana ɗan ƙara."

Tanko ya ja numfashi kamar zai fara, sai ya sauke shi. Ya ce, "Samu inuwa ka tsaya mu duba."

Masu ba da wannan hikaya sukan ce gargaɗi ba hukunci ba ne, kira ne a zo a duba. Jatau kuwa abin da ya fahimta a ranar shi ne, ya fi sauƙi ya faɗa wa wansa matsala tun tana ƙarama da ya ɓoye ta har ta kashe inji.