Ƙahon da Ke Rataye a Tsamiyar Iyaka

Akwai wani manomi wanda gonarsa ta ƙare daidai inda ƙasarsu ta ƙare. A bakin kunyarsa ta ƙarshe an kafa dutsen siminti mai lamba. Kusa da dutsen akwai wata tsohuwar tsamiya, saiwarta a wannan ƙasa, inuwarta da yamma a waccan. Daga nan, a ƙetaren iyaka, sai gonar Baba Barnaba, wani tsoho abokin mahaifinsa.

Tun zamanin kakanni, ƙauyukan nan biyu suna da al'ada. In ruwa ya ɗauke, sai su yi gayya, su share faffaɗar hanya kewaye da gonakinsu duka, su ƙone ciyawarta a hankali tun da sauran raɓa, domin in wutar daji ta zo ta rasa abin ci. A reshen tsamiyar kuma an rataye ƙahon bijimi. Wanda duk ya fara hango hayaƙi, ko ɗan wace ƙasa ne, shi zai busa.

Wata shekara awakin ƙetare suka cinye waken manomin. Ya ƙulla abin a zuci. Da lokacin gayya ya yi, ya ƙi fita. Ya share gefen iyaka kaɗai, domin a ganinsa daga can ɓarna take zuwa, ya bar bayan gonarsa, wajen dajin ƙasarsu, ciyawa har kafaɗa. Sa'an nan ya sauke ƙahon, ya kai gida, ya jefa ƙarƙashin gado.

Baba Barnaba ya tako da sandarsa, ya ce, "Ɗana, ina ƙaho?"

Ya ce, "Baba, reshen ƙasarmu ne. Kowa ya ji da wutarsa."

Tsohon ya yi dariya, ya ce, "Na yi shekara saba'in a nan, ban taɓa ganin wuta ta tsaya nuna takarda a bakin dutsen nan ba. In ka gan ta tana bin layi, ka kira ni in sha kallo."

Kaka ta yi kyau. Manomin ya ɗaure dami sittin na gero, abincin gidansa na shekara ke nan, ya jera su a gona kafin a gama yaɓen rumbu. Wata ranar kasuwa, mutanen ƙauyensu duk sun tafi, ya kishingiɗa a gindin tsamiyar da tsakar rana. Iska tana kaɗa busasshiyar ciyawa, tana tashi tana kwanciya kamar ruwan babban kogi. Barci ya ɗauke shi.

Ya yi mafarki dutsen iyaka ya yi laushi kamar curin fura, ya narke cikin ƙasa. Ya ga mahaifinsa da Baba Barnaba suna samari, suna tafe cikin raɓa da ɗanyen ganye a hannu, wata 'yar wuta tana bin su a baya kamar ɗan rago. Mahaifin ya waiwayo, ya ɗaga ido ga reshen tsamiya, ya ga igiya ba ƙaho. Sai ya juyo, ya dubi ɗansa.

Ƙaurin hayaƙi ne ya tashe shi. Wuta ta taso daga dajin ƙasarsu, inda mafarauta suka cinna don korar gafiya, ta shigo ta wurin da bai share ba. Ya miƙa hannu ga reshe, ya kamo igiya. Ya yi ihu, iska ta haɗiye muryarsa. Ya karyo reshe ya shiga duka, amma mutum ɗaya ina zai tare bakin wuta?

A ƙetare kuwa, Baba Barnaba ya ga shirwa sun taru suna shawagi a sama, kamar yadda suke yi in wuta ta kori fara. Ya ce wa mutanensa, "Ba a busa mana ba, amma tsuntsaye sun faɗa. Ku tashi!" Suka tsallake dutsen, maza da rassan darbejiya, mata da tuluna. Suka yi ta fama har la'asar. Da wutar ta mutu, dami ashirin da biyu suka rage.

Manomin ya zauna cikin toka, ya kasa ɗaga kai. Tsohon ya dafa shi, ya ce, "Da mun ji ƙaho, da mun iso tana ƙarama. To, tashi. Mu ma mun shigo ba takarda, sai ka kai mu ƙara."

Kashegari da hantsi manomin ya kakkaɓe ƙahon, ya sa masa sabuwar igiya, ya rataye shi a reshen da ya miƙa can ƙetare.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: dutsen iyaka mutane ne suka kafa shi, amma ciyawa da iska da wuta na Ubangiji ne, ba su san shi ba. Hanyar da ake sharewa tun da raɓa ita ce shirin da ake yi tare tun masifa ba ta zo ba. Ƙahon shi ne maganar da ke tsakanin maƙwabta, ko ƙauye da ƙauye, ko ƙasa da ƙasa. Manomin ya tsare gefen maƙwabcinsa, alhali wutar tana bayansa. Mu ma sau da yawa haka muke. Allah mai jinƙai ne, yakan aiko da taimako ko ba mu kira ba, amma damin da ya ƙone ba ya dawowa.

Saboda haka in akwai ƙahon da fushi ya sa ka jefa ƙarƙashin gado, kada ka jira hayaƙi. Je ka ɗauko shi yau, tun da sauran raɓa.