Dokin Ya Ƙoshi, Mahayin Bai Ci Ba

Akwai wani mai horar da dawakin tsere da sunansa ya gagari kowa a filin sukuwa. Masu dukiya layi suke yi don ya karɓi dawakinsu. Idan ya shiga barga da asuba, har masu shara sai su rage murya.

Yana da ƙani guda, Auta. Shi ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya fara ɗora shi kan sirdi, har ya zama babban mahayinsa. Auta bai taɓa yi masa musu ba.

To amma mahayin tsere ba ya hawa sai an auna shi a sikeli. Auta kuwa shekaru sun fara ja, jiki ya daina sakin nauyi kamar da.

Da gasar kaka ta zo, sanyi ya fara shigowa, ganye na zuba a kan hanyar barga. Mai horon yana ta lashe ƙananan tsere, amma idonsa na kan na ranar ƙarshe. Yana da wani baƙin doki da dokar tseren ta ƙayyade wa ɗaukar nauyi kaɗan, dole mai hawansa ya zama marar nauyi sosai.

Auta ya same shi yana duba kofaton dokin, ya ce, "Yaya, wannan karon a ba wani mana. Jikina ya ƙi."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Dokina, kuma bare ya hau a ɗauki hotonsa? Jikinka ne ya ƙi ko bakinka? Ka rufe shi."

Auta ya rufe bakinsa. Ya riƙa sa rigar leda yana gudu a gefen fili. Ya riƙa zama cikin mota da rana, gilashi a rufe, gumi na zuba har cikin takalminsa. Ruwa sai dai ya kurkure baki ya tofar.

Sauran mahaya na tsokanarsa: "Auta, ka riƙe ƙarfen nan, kada iska ta kai ka gida kafin a tashi!" Yana dariya, leɓensa na tsagewa.

Ana jibi tsere, matar Auta ta zo barga da goyo a bayanta. Ta tarar da mai horon yana ta faɗa, wai baƙin dokin ya rage abinci a kwano, a kira likita yanzu-yanzu.

Ta jira ya gama, ta rusuna ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Mutumin nan ba ya ci, ba ya sha. Jiya ya kira 'yarsa da sunan marigayiya mahaifiyarku."

Ya ce, "Ke kika san shi ko ni? Tun ba ki san hanyar gidanmu ba nake auna shi. Jibi da yamma ki dafa masa duk abin da kika ga dama."

Ta ce, "Dokin da ya rage loma an kira masa likita."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Kin san darajar dokin nan kuwa?"

Ta juya ta tafi.

Ranar tsere Auta ya hau sikeli, nauyi ya yi daidai. Mai horon da kansa ya kama ƙafarsa ya ɗaga shi kan sirdi. Sai ya ji kamar riga ce ya ɗaga ba mutum a ciki. Maimakon gabansa ya faɗi, daɗi ya ji. Ya ce, "Ka gani? Da ma raki ne."

Aka saki dawakin. Baƙin dokin ya wuce kowa, ya tsallake layi shi ne na ɗaya. Fili ya ɗauki ihu, ana rungumar mai horon.

Sai dokin ya ƙi tsayawa, domin babu mai jan linzami. Auta ya riga ya suma a kan wuyansa. A kwana ya zame, kansa ya bugi ƙarfen shinge.

Bai mutu ba. Ya daɗe a asibiti bai san inda yake ba. Da ya farka, bai gane matarsa ba, bai gane 'ya'yansa ba, bai gane yayansa ba. Abu guda ya rage masa a kai: gobe akwai tsere.

Yau shekaru ke nan. Mai horon yana nan, ana kawo masa dawaki, amma ya daina ɗaga kowa kan sirdi. Da an miƙo masa ƙafa sai hannunsa ya mutu.

Duk lokacin da kaka ta dawo, muryar lasifikar fili takan kai har gidan Auta. Da ya ji ta sai ya jibga riguna, ya zauna a rana, ya kulle baki. Matarsa ta yi lallashi har ta gaji, sai ta aika a kira yayan.

Bana ma ya zo. Ya karɓi kwano, ya durƙusa gaban ƙaninsa, furfura da furfura, ya ɗebo a cokali.

"Auta, ci mana. Ko loma ɗaya. Babu tsere, wallahi babu."

Auta ya daɗe yana kallon cokalin, yana haɗiyar miyau. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Sannan ya kama hannun rigar yayansa, ya yi ƙasa da murya.

"Bawan Allah, na gode. Amma ka ɓoye shi da sauri. In Yaya ya gani, ni da kai mun shiga uku."

Darasi: Wanda ba ya iya yi maka musu, amana ce Allah Ya ɗora maka, ba dabba ba ce. Ranar da ya buɗe baki ya ce ya gaza, ka saurara, domin ba lalle ya sake faɗa ba. Masu ƙanne, masu 'ya'ya, masu ma'aikata, da ku nake. Ku tura wannan ga duk wanda ake jin tsoronsa a gidansa, ya karanta tun da sauran gyara.