Jelar Kurege da Burauza Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku, da zafinta.

Ta zo mu ji ta, kuka ce? To ku matso, wanda ke danna waya ya kife ta, don duk unguwar nan ba mai ba da ita kamar ni.

A shekarar da waya ta shiga daji, kowace dabba ta mallaki tata. Amma shiga intanet sai da burauza, wato ƙofar da ake bi a leƙa duniya, kuma iri biyu ce a dajin. Akwai ta Mujiya, akwai ta Hawainiya. Ta Mujiya tana da tsaro: in ka nufi shafin macuta sai ta yi ja, ta tare ka. Sai dai idon Mujiya ba ya rufuwa, duk abin da ka nema ta sani, ta kuma tsegunta wa 'yan talla. Ita kuwa ta Hawainiya ba ta ganinka, ba ta tuna ka, ba ta kuma kula da ramin da za ka faɗa.

To, akwai Kurege. Kurege ba shi da gona, ba shi da sana'a, abin da yake da shi jela ce. In ya zo majalisa gindin tsamiya sai ya zauna, ya ɗaga ta, ya kaɗa ta, ya tambayi mutane ko iska ta ishe su. Abin da ba wanda ya sani shi ne, gashin jelar ya daɗe yana zubewa. Kullum da safe sai ya bi bayan Bunsuru mai gyangyaɗi, ya tsinke masa gemu, ya liƙa da ƙaro, ya taje, ya fito yana taƙama.

Yana cikin rami sai ya buɗe burauzar Mujiya, ya nemi maganin zubewar gashi. Ya nema yau, ya nema gobe, ya nema jibi.

Ran nan ana majalisa aka ce a kalli dambe, wayar Kurege kuwa ita ce mai babbar fuska. Aka jingina ta da dutse, aka haɗa kai a kanta. Ana tsakiyar turmi, an kai naushi ke nan, sai dambe ya ɗauke, talla ta faɗo da manyan baƙaƙe: Jelarka na zubewa? Ga magani.

Kowa ya dubi Kurege. Shi kuwa ko ƙifta ido bai yi ba, ya juya ya dubi Burgu, wanda kowa ya san jelarsa fayau take tun haihuwa.

"Haba Malam Burgu," in ji shi, "in ka ari wayar mutum, ka riƙa share sawunka mana."

Aka kwashe da dariya. Burgu ya rantse bai taɓa riƙe wayar ba, ya sake rantsewa, ba wanda ya saurare shi. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ana bin sa da kirarin ango mai neman gashi.

Kurege ya tsira, amma ya san wadda ta tona shi. Ya tafi kogon Mujiya ya ce mata ashe munafuka ce. Mujiya ta ce ita mai gadi ce, kuma ba ta taɓa jin mai gadin da ke aiki ido rufe ba. Ya ce to ta riƙe gadinta. Ya wuce wurin Hawainiya, ya tambaye ta ko tana riƙe sirri. Ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma, ta tambaye shi wane ne shi. Ya faɗa mata. Can ta sake tambayarsa wane ne shi. Kurege ya yi tsalle don murna, ya ce irin wannan yake nema.

Ya koma rami, ya nema, ya nema, ba talla, ba tsegumi. Yana cikin nema sai ga wani shafi: asibitin Dokta Mai Tausayi, ana dashen gashi kyauta, kuma wanda ya fara zuwa yana da buhun gyaɗa. Sharaɗi ɗaya ne, ka zo kai kaɗai, kada ka gaya wa kowa, saboda sirrin marar lafiya. Ba abin da ya yi ja, ba abin da ya tare shi. Kurege ya karanta gyaɗa, ya sake karanta gyaɗa, ya ɗauki hanya da rana tsaka.

Asibitin wani tsohon rumbu ne a bayan dutse. Ya yi sallama, aka amsa da murya mai laushi. Yana shiga ƙofa ta rufu, garam. Dokta ya juyo, sai ga Muzuru, sanye da farar riga, yana murza gashin baki. Ya tambayi Kurege ko wani ya san ya zo. Kurege ya buɗe baki zai ce duk gari, sai Muzuru ya ce kada ya wahalar da kansa, mutanen Hawainiya kaɗai ke isowa nan, na Mujiya tun a hanya ake mayar da su.

Ya ɗora tukunya, yana hura wuta, yana gyara gashin baki kada ya babbake. Ya hura, ya gyara. Ya hura, ya gyara. Kurege na kallo.

"Dokta," in ji shi, "ci na halal ne a gare ka, ni na kawo kaina. Amma kada gobe ka ce ban faɗa maka ciwon da ya kawo ni ba."

Ya kama jelarsa, jelar nan da ya fi so da ransa, ya fizge. Gemun Bunsuru ya zubo tuli guda, abin da ya rage kamar tsinken tsire. Ya ce da gashin baki ciwon ya fara masa, shi da mutane ke zuwa kallon gashin bakinsa daga nesa. Ya ce shi da kawunsa hannu kawai suka haɗa, yanzu kawun ba gashi, sai ka ce ƙwai. Sannan ya miƙa hannu, ya ce Dokta ya yafe masa kafin ya shiga tukunya.

Muzuru ya ja da baya har ya ture tukunyar. Ya buɗe ƙofa da ƙafa, ya ce ya fita, kada ya taɓa komai. Kurege ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi maganar buhun gyaɗa. Muciya ce ta ba shi amsa a ƙeya.

Ya zura da gudu, hanya kuwa ɗaya ce, ta gindin tsamiya, majalisa a cike. Ya so ya ɓoye jelar, ba abin ɓoye ta. Aka dubi jela, aka dubi Kurege, aka dubi Bunsuru da ke shafa haɓa yana lissafin abin da ya daɗe yana damunsa. Dariyar da aka yi ran nan, sai da tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiya.

Burgu kaɗai bai yi dariya ba. Ya matsa gefe, ya kaɗe ƙurar tabarmarsa.

"Zauna nan, ɗan'uwa," in ji shi. "Kada ka damu, an fi jin sanyi a shekarar farko."

Kurunkus, ta faɗa rami ta ja ƙofa. Darasinta kuwa, in kun rasa wadda za ku zaɓa tsakanin mai gadi mai surutu da kurma marar gadi, ku kawo mini sirrinku in ajiye muku. Ni ba na gaya wa kowa sai wanda ya tambaya.